Zara (duniyar Zuhura)

Zara ita ce duniya ta biyu daga rana, kuma bayan rana da wata babu abin da ya kai ta haske a sama. Hausawa na kiranta Zara matar wata idan ta bayyana a yamma bayan magariba, idan kuma ta fito a gabas gabanin asuba su ce Gamzaki. Abu ɗaya ne. Larabawa na ce mata Zuhura, Turawa kuma Venus. Ko da yake a baki ana ce mata tauraruwa, a ilimin falaki ba ta cikin taurari, domin ba ta da wutar kanta. Hasken rana ne ke dukan gajimaren da ya lulluɓe ta ya dawo mana, kuma haskenta a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa kamar na taurari.

Tsakaninta da rana kilomita miliyan 108 ne, tamu duniyar kuwa miliyan 150. Da yake falakinta, wato hanyar da take bi wajen kewaya rana, na cikin namu, ba ta taɓa nisa da rana a idon mai kallo fiye da digiri 47. Wannan ne ya sa mai kamun kifi a Yawuri ko mai gadin shinkafa a fadamar Argungu ba zai taɓa ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare ba. A garuruwa irin su Birnin Kebbi da Gusau, waɗanda ke wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, iyakarta ta yi kamar awa uku bayan faɗuwar rana ta bi ta. Ko lokacin hunturu, da hazo ya shafe ƙananan taurari, ita takan huda shi a gan ta.

Tana gama zagayen rana cikin kwana 225, da gudun kilomita 35 a daƙiƙa, mu kuwa 30. Ga ɗalibin fiziks mai shirin WAEC ko NECO, da wuya a sami misalin da ya fi wannan daɗin gwada doka ta uku ta Johannes Kepler, wadda ya fitar a 1619: T² daidai yake da r³, inda T shi ne lokacin zagaye rana, r kuma nisa daga rana, idan an auna lokaci da shekara, nisa kuma da tazarar duniyarmu daga rana. Nisan Zara 0.723 ne a wannan ma'auni. A ninka shi sau uku a kansa, a sami 0.378. Lambar da za a ninka a kanta ta ba da hakan ita ce 0.615 na shekara, wato kwana 225 ɗin nan. Dalilin kuwa sai da Isaac Newton ya zo a 1687 aka gane shi: jan rana yana raguwa da nisa, don haka na kusa dole ya fi sauri.

Inda ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne kwana 584. Wannan ba tsawon shekararta ba ne, lokacin da take ɗauka ne kafin ta sake cim mana, tunda mu ma ba a tsaye muke ba. Biyar ɗinsa kwana 2,920 ne, kusan shekara takwas cif, saboda haka duk bayan shekara takwas takan dawo kusan wuri ɗaya a wata ɗaya na kalandar rana.

A 1610 Galileo ya dube ta da madubin hangen nesa ya ga tana cika tana raguwa kamar wata, abin da ya tabbatar cewa rana take kewayawa. A girma ta kusa kamo duniyarmu, faɗinta kilomita 12,104 ne, amma iskar kabon da ta danne ta ta kai zafin doronta wajen digiri 465 a ma'aunin Salshiyas. Kumbon Venera 7 na Tarayyar Sobiyet ya sauka a kanta a 1970. Ta gifta ta gaban rana a 2012, ba za ta sake ba sai 2117.