Waiwaye: Yadda Aka Ɗebo Ilimin Gwani Aka Zuba wa Kwamfuta

A 1956 masana suka taru a kwalejin Dartmouth ta Amurka, taron da John McCarthy ya raɗa wa fannin sunan da muke kira ƙirƙirarriyar basira. Burinsu na'urar da za ta yi tunani a kan komai. Ba a je ko'ina ba aka gane cewa na'urar da ba ta san sana'a ko ɗaya ba, wayonta ba ya tsinana abin kirki.

Edward Feigenbaum na jami'ar Stanford ne ya juya akalar zuwa manhajar da aka zuba wa ilimin gwani a fanni ɗaya. A 1965 shi da Joshua Lederberg suka fara DENDRAL, manhajar gano tsarin sinadarai. Sai MYCIN ta biyo a shekarun 1970, aikin Edward Shortliffe, tana ba da shawarar magani ga mai cutar bakteriya a jini. Dokoki kusan 600 ke cikinta, kowace a sigar "idan kaza da kaza, to kaza".

Samo dokokin nan shi ne jan aikin. Injiniya zai zauna gaban likita da biro da takarda, makonni yana tambaya: "Likita, me ya sa ka zaɓi wannan maganin?" Likita ya yi shiru, can ya ce ido ne ya saba. Abin da gwani ya sani ya fi abin da bakinsa ke iya faɗa, kuma a nan tafiyar ta riƙa cijewa. MYCIN ta yi rawar gani a gwaji, amma ba ta taɓa shiga ɗakin majinyata ba.

Wadda ta yi aikin gaske ita ce XCON, da kamfanin Digital Equipment ya fara amfani da ita a 1980 wajen tsara kayan kwamfutocin da aka yi oda. Dokokinta suka kai dubbai, ana gyara wannan ana ɓata wancan. Kafin ƙarshen shekarun 1980 kasuwar irin waɗannan manhajoji ta yi sanyi.

Daga 2012 salo ya sauya, na'ura ta koma koyo daga miliyoyin misalai. AlphaFold, manhajar hasashen siffar furotin (sinadarin da ke gina jiki), ta kai jagororin ƙera ta, Demis Hassabis da John Jumper, ga kyautar Nobel a 2024. Na yi murna da hakan ƙwarai. Sai dai wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya: likita na iya tambayar MYCIN dalilinta, ta nuna masa dokar da ta bi har ya gamsu ko ya musa. Yawancin manhajojin yau amsa suke miƙowa, hanyar da suka bi kuwa ko waɗanda suka ƙera su da kyar suke gano ta.