Ana Neman 'Yan Latino a Kwamitocin Kula da Masu Jego

A Amurka, cikin mata takwas da suka haihu kusan ɗaya kan nuna alamun ciwon damuwa na bayan haihuwa, a ƙiyasin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar. Wannan ya wuce kasalar jego da ke gushewa cikin mako biyu. Za ka ga mace ta kasa runtsawa ko jariri ya yi barci, abinci ya ƙi shiga, ga kuka ba dalili, wata ma tana tsoron a bar ta ita kaɗai da ɗanta.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jariran da ake haifa a ƙasar nan 'yan Latino ne, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka, suka haife su. Amma rahoton 2021 na BoardSource, ƙungiyar da ke nazarin shugabancin ƙungiyoyin sa-kai, ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai 'yan Latino a kwamitocin amintattu na ƙungiyoyin sa-kai. Dalilin da ya sa ke nan ƙungiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar masu jego suke cigiyarsu.

Kwamiti shi ke amincewa da kasafin kuɗi, shi ke ɗaukar shugaba. In babu mai jin Sifaniyanci a cikinsa, sai a sa zaman tattaunawar masu jego da hantsi ranar aiki, kuma da Turanci, alhali matan sun koma bakin aiki. Sai a buga fom mai tambayar lambar shaidar gwamnati, mace marar takardun zama ta gani ta juya, ba za ta sake dawowa ba. Wanda ya tashi cikin 'yan Latino kuwa ya san su ma suna zaman kwana arba'in bayan haihuwa kamar mu, kuma uwar mai jego ko surukarta ce ke da ta cewa. In ba a shawo kan tsohuwar ba, mai jego ba za ta je wurin likita ba.

Ni dai ban yarda da ɗauko mutum ɗaya don a cika hoto ba. A ɗauki biyu ko uku, a kuma sassauta sharaɗin nan na cewa sai ɗan kwamiti ya ba da gudummawar kuɗi mai tsoka, don shi ke korar ungozoma da ma'aikatan lafiya na unguwa.

'Yan'uwa mazauna Bronx a birnin New York, inda fiye da rabin jama'a 'yan Latino ne: kuna da maƙwabta da abokan aiki 'yan Dominika da Puerto Rico. Wadda kuka san tana da kai da riƙon amana, ku gaya mata ta nemi kujera a irin waɗannan kwamitoci. Galibi babu albashi, zama ne a wata ko bayan wata uku.

Mai jegon da ke cikin damuwa yanzu ta kira 1-833-852-6262, layin gwamnatin tarayya da aka buɗe a 2022. Kyauta ne, dare da rana, da Turanci da Sifaniyanci, akwai kuma tafinta na wasu harsuna.