Infiniti FX (QX70) a Kasuwar Motocin Hannu ta Sakkwato

Infiniti FX mota ce ƙirar jif, matsakaiciya, mai ɗaukar mutum biyar, wadda kamfanin Nissan na Japan ya ƙera da sunan Infiniti, reshensa na motocin alfarma da ya fara kasuwa a 1989. An fito da ita da shekarar ƙira ta 2003, aka sauya mata suna zuwa QX70 a 2014, sannan aka daina ƙera ta bayan 2017. Duk wadda aka gani yau a Sakkwato, a filin dillalai ko a ƙofar gidan biki, ta hannu ce: ko dai wadda aka sauke daga waje, wato Beljiyam a bakin dillalai, ko kuma 'yar gida da ta riga ta sha titunan Nijeriya. Kuɗinta kan gaza na Lexus RX mai shekaru ɗaya da ita, kuma wannan rangwamen shi ke fara jan hankalin mai saye.

Zubi biyu

Zubin farko ya ɗauki 2003 zuwa 2008. FX35 tana da inji mai fulogi shida, lita 3.5, mai suna VQ35DE, da ƙarfin doki kusan 280. FX45 kuma mai fulogi takwas ce, lita 4.5. Dukansu giyarsu mai sarrafa kanta ce, mataki biyar. Zubi na biyu ya fara a 2009 da giya mai mataki bakwai: FX35 ta koma injin VQ35HR mai doki 303, FX50 ta zo da lita 5.0 da doki 390, a 2013 kuma FX37 mai lita 3.7 da doki 325 ta maye gurbin FX35 a kasuwar Amurka. QX70 wannan zubin ne dai, suna kawai aka sake. A masana'antar Nissan ta Tochigi aka haɗa su.

Ko da yake jif ake ce mata, ƙashin bayanta na motar tsere ne, domin ginshiƙi ɗaya aka yi musu da Nissan 350Z da Infiniti G35. Injin a miƙe yake, yana tura tayoyin baya, wasu kuma suna ja da huɗun. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai santimita 20 ba, ƙafarta da tauri, but ɗinta ƙarami, gilashin baya kuma ɗan tsukuku ne. A kwalta mai kyau tana da daɗin tuƙi ƙwarai. Wanda ke nufin shiga rairayin ƙauye ko fadama da damina ya yi kuskuren mota, Prado ko Hilux yake nema.

Kayan gyara bayan daina ƙira

A nan maganar take da tsawo, domin dillali zai ce ai Nissan ce, kayanta ko'ina akwai. Rabin gaskiya ya faɗa. Injin VQ35 yana cikin Murano da Maxima da Altima da Pathfinder, don haka ƙananan abubuwa irin su matatar baƙin mai da fulogi da wasu na'urorin inji ba sa wuyar samu, kanikawa da yawa kuma sun san cikinsa. Sarƙar taimin gare shi, ba bel ba, ba a sauya ta a kai a kai. Amma injin Murano a gicciye yake zaune, na FX a miƙe, ba a ɗauko wancan a dasa a nan kai tsaye. In inji ya buga, sai an nemo na FX ko na danginta na kusa irin G35, kuma ko a nan sai an lura: mai ja da taya huɗu kaskon baƙin manta daban ne, domin sandar da ke juya tayar gaba ta cikinsa ta ratsa.

Sauran jikin motar kuwa maraya ne. Fitilar gaba, bamba, madubin gefe, gilashin gaba, ƙofar but, allon da ke sarrafa iyakwandishan da rediyo, duk nata ne ita kaɗai, ba ta aro wurin kowace Nissan. Mai Corolla in ɗan kabu-kabu ya fasa masa fitila a shataletale da safe, kafin la'asar ya sa wata. Mai FX sai ya buga waya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in ba a dace ba sai Ladipo a Legas, ya tura hoto ta WhatsApp, ya tura kuɗi, ya jira motar haya ta kawo, wani lokaci kuma a buɗe kwali a tarar da ta zubin farko aka aiko wa mai zubi na biyu. Shi ya sa a wannan mota lafiyar bodi ta kusa kai lafiyar inji muhimmanci. FX mai tsagaggen gilashi da fitila ɗaya ɗaure da waya ba ƙaramin gyara take jira ba, ko da dillali ya rantse cewa aikin yini guda ne.

Zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Injin FX na alminiyom ne, a matse cikin bonet, ba ya yafe tafasa. Sau ɗaya in allurar zafi ta hau ja aka ci gaba da tafiya, kan injin na iya lanƙwasa, gaskit ya ƙone. Lagiretonta yana da kafaɗun roba da ke tsagewa in sun tsufa. Akwai wata al'ada ta garejinmu da ya kamata mai saye ya bincika: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Ana cewa wai an daidaita motar da yanayin ƙasar zafi ne. Sau da yawa wata cuta aka rufe, lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, ga shi kuma injin da ba ya kai zafin aikinsa da wuri ya fi shan mai.

Dashbod ɗin zubin farko ya yi ƙaurin suna wajen kumbura da tsagewa a rana, tun a Amurka. In an ga an shimfiɗa masa darduma mai kyau, a ɗaga a duba. Ƙurar hunturu kuma aikin matatar iska ce. Injin zubi na biyu hanyar iska biyu gare shi da matata biyu, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar an sauya ɗaya an manta ɗaya.

Dubawa kafin biya

Da sassafe ake duba ta, inji a sanyaye. Wanda ya iso ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ji ɗumi, to an riga shi tayarwa, kuma bakanike mai amana zai ce, "Alhaji, a bari ta huce, mu ji mi za ta ce." Ƙarar kacau-kacau a daƙiƙun farko sarƙar taimin ce ke magana. Shuɗin hayaƙi daga salansa alamar cin baƙin mai ne, halin da aka san tsofaffin VQ35DE da shi. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a leƙa da tocila: ƙarfe mai ruwan zuma na nuna an kula da juye, baƙar dasƙararriyar laka kuwa ta isa a yi sallama.

Zubin farko yana da larurar na'urorin da ke karanta juyawar inji. In sun fara mutuwa, mota kan ɗauke tana cikin tafiya, ko ta ƙi tashi in ta yi zafi. Gyaran ba tsada, muddin an sa na asali. Ta zubi na biyu ta fi ɓuya: wasu 'yan gaskit na takarda a bayan murfin taimin kan yage a motocin shekarun farko, ƙarfin tura baƙin mai ya ragu, injin ya yi ta cin kansa a hankali. Ido ba ya gani, sai an ɗaura agogon awo bayan inji ya yi zafi, gyaran kuma sai an kwance gaban injin gaba ɗaya.

A sa kwamfutar bincike, a kuma lura ko fitilun gargaɗi duk suna kamawa in an murɗa makulli kafin inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, wataƙila cire ta aka yi. A leƙa ƙasa a ga ko indomi na nan, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, domin ana yanke ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Giya mai mataki bakwai ba ta da sandar duba mai, kuma man Matic S na Nissan take sha. Wanda ya ɗura mata kowane jan mai ya gajarta kwananta. Gwajin ba na zagaye unguwa ba ne: a hau hanyar Bodinga ko ta Wamakko da iyakwandishan a kunne, a ji yadda take sauya giya, a saurari gurnanin ƙafa, sannan a dawo a bar ta tana aiki a tsaye minti ashirin ana kallon allurar zafi.

Lambar shasi da takardu

Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba da jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma dole su dace da abin da ke takarda. Ta FX da J take farawa, alamar Japan. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, gurbi na goma shi ne shekara: 3 zuwa 9 na nufin 2003 zuwa 2009, A 2010 ce, a bi haruffa har H, 2017. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin motar da aka sauya wa fuska da tambari aka ƙara mata shekaru. Da lambar ake neman tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci, domin yawancin Beljiyam na yanzu daga gwanjon motocin haɗari na Amurka suke, irin Copart da IAAI. Wadda ta yi karo ana iya auna gyaranta. Wadda ambaliya ta nutsar kuwa wayarinta ba ya daina ciwo, alamarta tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera da busasshen taɓo a ramin safaya. Agogon tafiyar motocin Amurka da mil yake ƙirga, mil 100,000 ya ɗan haura kilomita 160,000. Zubin farko kuma yana cikin motocin da aka yi wa kiranye zuwa gyara kan jakar iskar kariya ta kamfanin Takata, lambar shasi za ta nuna ko an sauya.

Sakkwato gari ne na kusa da iyaka, Illela na fuskantar Birnin Ƙonni, kuma a Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta sa dokar hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Takardar diyuti ta bogi ba baƙuwa ba ce. A tantance ta a ofishin kwastan kafin kuɗi su bar hannu, domin a shingen hanya wanda ke riƙe da sitiyari ake tambaya, ba dillalin da ya karɓi la'adarsa ba.

Mai, taya da sake sayarwa

Tankinta lita 90 ne. Mai fulogi shida kan yi kilomita 7 ko ƙasa da haka da lita ɗaya a cikin gari, kusan 10 a doguwar hanya. Zuwa Gusau da dawowa, kilomita 400 da 'yan kai, rabin tanki ke nan. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan lissafi ya zama shi ne gaba, kuma shi ya ƙara karya darajar FX45 da FX50. Tayoyinta daga inci 18 suke, akwai masu 20, FX50 har 21. Manyan sun fi kyau a ido, amma siraran gefe gare su, rami ɗaya a hanyar Gusau ko wanda ruwan unguwar Mabera ya ɓoye na iya kumbura taya ya lanƙwasa rim. Ga mai zama Sakkwato, mai fulogi shida mai inci 18 ita ce ta hankali. A mai ja da taya huɗu kuma ba a gauraya tsohuwar taya da sabuwa, na'urar raba ƙarfi ce ke biyan bashin.

Rangwamen da aka samu ranar saye yana nan yana jira ranar sayarwa. Toyota ko Lexus in aka kai fili, dillalai ne ke rububi. FX sai ta samu mai sonta, yawanci matashi da ƙirarta da rurin salansarta suka burge, kuma tana iya yin watanni a rumfa ƙura na rufe ta kafin ya ɓullo.