Jinkirin Biyan Haraji da Jita-jitar Kwashe Kuɗi daga Asusun Banki

Tun da sabuwar dokar gudanar da haraji, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, ake ta yaɗa wa 'yan kasuwa cewa duk wanda ya makara wajen biyan haraji zai wayi gari ya tarar an kwashe masa kuɗi daga asusunsa na banki. Ba abin mamaki ba ne tsoron ya samu gindin zama a Arewa, inda dattawa ba su manta da wahalar haraji da jangali ba, waɗanda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a Kano da Kaduna a 1979. Sai dai ba haka dokar ta ce ba.

Harajin da ake magana a kansa shi ne na kuɗin shigar mutum, kuma hukumar tara kuɗaɗen shiga ta jihar da mutum yake zaune ce take karɓarsa. Ma'aikaci ana cire masa nasa daga albashi, shi kuwa ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu su ne za su bayyana abin da suka samu kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara.

Gaskiya ne dokar ta bai wa hukuma ikon umartar banki, ko wani wanda yake riƙe da kuɗin mutum, ya biya bashin haraji daga cikin kuɗin. Amma wannan mataki ne na ƙarshe. Sai an aiko wa mutum takardar ƙiyasin abin da ake binsa, kuma yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi idan bai yarda da adadin ba. Idan hukuma ta ƙi sauya ƙiyasinta, yana iya kai ƙara kotun musamman ta haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma yake Kaduna. Wanda ya karɓi takarda ya jefa ta a aljihun tebur har kwanakin suka wuce, shi ne ƙiyasin zai tabbata a kansa, daga nan kuma ake iya waiwayar asusunsa ko a kama kayansa. Ko kayan da aka kama ma ba a yin gwanjonsu sai bayan kwana 14, gida da fili kuwa ba a sayar da su sai da umarnin kotu.

Abin da ya fi cancantar a ji tsoronsa shi ne tara, kuma iri biyu ce, ko da yake mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Wanda bai biya a kan lokaci ba ana ƙara masa kashi 10 cikin ɗari na abin da ake binsa, tare da kuɗin ruwa da ake lissafawa bisa ma'aunin Babban Bankin Najeriya, ma'aunin da bai sauko ƙasa da kashi 27 cikin ɗari ba a duk tsawon 2025. Wanda kuma bai miƙa takardar bayyana kuɗin shigarsa ba, tararsa naira 100,000 ce a watan farko, sannan naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya.

A nan ne lissafin yake da nauyi a kan mai ƙaramin ƙarfi. A ɗauki tela wanda kuɗin shigarsa na shekara, bayan an cire abin da doka ta yarda a cire, ya kama naira 1,200,000. Naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta, ragowar 400,000 ɗin kuma kashi 15 cikin ɗari ne, wato naira 60,000. Idan ya makara wajen biya, ƙarin da zai hau kansa naira 6,000 ne da kuɗin ruwa. Amma idan takardar ce bai miƙa ba, tarar wata ɗaya kacal ta zarce harajinsa na shekara gaba ɗaya, alhali adadin nan ɗaya ne da wanda za a ci attajirin da yake sauke tirela goma ta kaya a Kantin Kwari. Da wuya a kira wannan daidaito, musamman ga mutumin da bai taɓa cike fom a intanet ba.

Kuɗin rumfar kasuwa, da na tashar mota, da na mayanka, da lasisin baro da amalanke, waɗannan hurumin ƙaramar hukuma ne bisa tsarin mulkin 1999, kuma adadinsu da hukuncin jinkirinsu suna cikin dokokin jiha da na ƙaramar hukumar. Saboda haka duk mai karɓar kuɗin rumfa da ya ambaci tarar naira 100,000 ta sabuwar doka, a nemi ya nuna takardar da ta ba shi wannan iko, kuma kada a miƙa ko sisi sai da rasit na hukuma.