Yadda cutar zazzaɓin aladu ke samun ɗan dako a cikin jikin dabba

Ƙwayar cutar da ke haddasa zazzaɓin aladu na Afirka ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. Idan ta faɗa cikin ƙwayar halittar alade, ba ta iya matsawa ko'ina da ƙarfin kanta, alhali wurin da take hayayyafa yana can ciki, kusa da cibiyar ƙwayar halittar. To wa ke kai ta?

Cikin kusan kowace ƙwayar halittar dabba akwai siraran bututu da ake kira maikurotubul, waɗanda suka miƙe daga tsakiya zuwa gefe. A kansu ne wasu furotin biyu ke aikin dako. Dainin yana ɗaukar kaya ya nufi tsakiya, kainesin kuma yana fitar da kaya zuwa bakin ƙwayar. Aikinsu na yau da kullum ke nan, kuma rayuwar dabbar ta dogara a kansa.

Cutar ta fi son fararen ƙwayoyin jini da ake kira makurofaj, wato masu haɗiye ƙwayoyin cuta don kare jiki. Suna haɗiye ta kuwa, amma ba ta mutuwa. Tana tafiya a cikin 'yar jakar da aka haɗiye ta, tsamin cikin jakar ya kware mata rigunanta na waje, sannan ta fito. Daga cikin furotin sama da 150 da take ƙerawa akwai wani mai suna p54. A shekarar 2001 masu bincike a Sifaniya suka nuna cewa p54 yana maƙalewa a wani ɗan sashe na dainin mai suna LC8. Da wannan riƙo ne cutar ke hawa ɗan dakon, shi kuma ya ɗauke ta kamar kayan gida, ya dire ta kusa da cibiya. Nan take kafa masana'antarta, ta tara kayan aikin ƙwayar halittar, ta shiga ƙera 'ya'ya. Idan sun kammala, kainesin ne ke kwashe su zuwa waje, su fice su kama wasu ƙwayoyin.

An gwada, a ɗakin bincike, toshe wurin da p54 ke kama dainin da wasu gajerun guntayen furotin, kuma yawan cutar ya ragu. Labari ne mai daɗi, amma kada wani ya ji shi ya ɗauka magani ya samu. Ƙwayar halitta a faranti daban, alade mai rai daban. Kuma ba za a iya tsayar da dainin gaba ɗaya ba, domin dabbar kanta za ta halaka. Har yanzu cutar ba ta da magani, kuma allurar kashe bakteriya ba ta taɓa ta domin ita ba bakteriya ba ce, asarar kuɗi ce kawai. Biyetnam ta amince da allurar rigakafi a 2023, amma ba ta zama ruwan dare a duniya ba.

A wajen jiki ma ɗaukarta ake yi. An fara bayyana ta a Kenya a 1921, inda take yawo tsakanin gadu da wata kaska mai taushin jiki, ba tare da ta kwantar da gadun ba. Ta isa ƙasar Jojiya a 2007, ta shiga ƙasar Sin a 2018 ta hallaka miliyoyin aladu. Ba kaska ce ta yi wannan doguwar tafiya ba. Mutane ne suka kai ta, a cikin nama da ragowar abinci, a jikin takalma da tayoyin mota. Tana daɗewa da rai watanni a cikin daskararren nama ko busasshe.

Ba ta kama mutum, ba ta kama shanu ko awaki. Amma nau'inta mai zafi yana iya share garke kusan baki ɗaya cikin mako biyu. Idan ka ga aladu sun daina cin abinci, jiki ya yi zafi, kunnuwa da ciki sun yi ja, ko masu ciki suna ɓari, ka kira likitan dabbobi ranar. Kada ka yi saurin kai sauran kasuwa don rage asara, domin ta nan cutar ta fi yaɗuwa. Ka hana baƙi shiga garke, ka ware takalmin aiki, ka daina ba su ragowar abincin da ke da naman alade. Sabuwar dabba a keɓe ta kamar wata guda kafin a haɗa ta da sauran, mushe kuma a binne shi da zurfi ko a ƙone.