Haɗin Kan Ma'aikata da Ƙarfafa Musu Gwiwa a Wurin Kasuwanci

Haɗin kan ma'aikata shine yanayin da mutanen dake aiki a kamfani ɗaya ko shago ɗaya suke ɗaukan aikin kaman nasu ne su duka, kowa yasan ɓangaren shi, ya kuma san in yayi sakaci ɗan uwansa ne zai kwana a ciki. Ƙarfafa gwiwa kuma shine duk abinda yake sa ma'aikaci yayi aiki da zuciya ɗaya ko maigida na tsaye a kansa ko baya nan. A kamfanonin Saudiyya zaka ji ana ce ma na farkon amal jama'i, na biyun kuma tahfiz, kuɗin da ake ƙarawa mutum dan ya ƙara himma su ake kira hawafiz. Masana harkar gudanarwa suna haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya saboda da wuya ɗaya ya tsaya babu ɗayan, mutumin da ransa yake ɓace baya kama ma wani kaya.

Asalinsa a wurin Bahaushe

Tun kafin a fara koyar da abin a jami'a Bahaushe yanada gayya. Mai gona zai kira samarin gari, a dafa abinci a dama fura, makaɗan noma suzo da ganga suna wasa kowa da kirarinsa, gonar da mutum ɗaya zai kwashe kwanaki akanta sai a tashe ta kafin la'asar. A Sudan irin wannan aikin sunan shi nafir, Hausawan da suka zauna a Jazira da Mai Wurno sun tarar dashi bai zame musu baƙo ba, a Saudiyya kuma in aka ce faz'a ana nufin a taso a agaza ma wanda abu ya sha ma kai. Idan aka duba gayya da kyau duk sinadaran suna ciki: kowa yana ganin kunyar da aka bashi ya nome, ciki ya ƙoshi, ana yabon gwani a gaban jama'a, sannan kowa yasan biki ne, gobe in tashi gonar ta taso za'a zo mishi. Hannu ɗaya baya ɗaukan jinka, amma hannun ma sai yasan ranar da tashi jinkar ta taso akwai masu kama mishi.

Abinda masu bincike suka gano

A 1911 wani injiniya ɗan Amurka, Frederick Taylor, ya fitar da tsarinsa na cewa a auna kowane motsi na lebura da agogo, a nuna mishi hanya mafi sauri, a biya shi gwargwadon abinda ya fitar. Tsarin ya ƙara yawan kaya a masana'antu amma ya maida mutum kaman ƙarfen inji. Shekara biyu bayan nan, a 1913, Max Ringelmann na Faransa ya wallafa wani gwaji da yayi na jan igiya, inda ya ga duk sanda aka ƙara yawan masu ja sai ƙarfin da kowane mutum ɗaya yake sawa ya ragu, mutum takwas basu ja sai kusan rabin abinda ya kamata ace sun ja in an haɗa ƙarfinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa sauke kwantena da mutum goma yasan wannan, akwai mai riƙe gefen kwali kawai yana nishi. Maganinsa shine kar tawaga tayi yawa, kuma a san abinda kowa ya ɗauka.

Binciken da ya juya tunanin mutane shine na masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago, daga 1924 zuwa 1932, wanda sunan Elton Mayo ya fi fita a kai. Da farko hasken fitila ake gwadawa, a ƙara a rage a ga ko aiki zai canza, sai aka ga aiki yana ƙaruwa har a lokacin da aka rage hasken, daga nan aka fara zargin kulawar da ake basu ce take aiki ba fitilar ba. Masana na baya sunyi ta gardama akan ingancin wannan sakamakon. Amma akwai ɓangare ɗaya da ni a ganina yafi amfani: wasu maza 14 da aka sa ma ido a ɗakin haɗa wayoyi, an tarar su da kansu sun yanka ma juna iyakar aikin da za'a yi a rana, wanda ya zarce sai a tsangwame shi duk da kuɗin shi zai ƙaru. Wato ma'aikata sunada dokarsu ta ƙarƙashin ƙasa wadda mudir, wato manaja, bai san da ita ba, kuma sau da yawa tafi tashi ƙarfi.

Abraham Maslow a 1943 ya jera buƙatun ɗan Adam hawa-hawa, daga ci da sha da makwanci, zuwa tsaro, zuwa zama cikin mutane, zuwa mutunci, har zuwa mutum ya cimma abinda yake ji zai iya. Sai Frederick Herzberg a 1959, bayan ya tattauna da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, ya raba abin gida biyu. Albashi, yanayin wurin aiki, halin shugaba da dokokin kamfani, in suka lalace mutum zaiyi fushi, amma gyara su kaɗai baya sa shi son aikin. Abinda ke sa so shine a yaba mishi, a damƙa mishi amana, ya ga yana cigaba. Wasu masu kamfani suna juya wannan maganar ta koma "ai kuɗi basa ƙarfafa ma'aikaci", wanda ba haka yake nufi ba ko kaɗan, da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda ba'a biya shi wata biyu ba takardar yabo zagi ce a wurinsa.

Stacy Adams a 1963 ya kawo batun adalci, cewa ma'aikaci baya kallon albashinsa shi kaɗai, yana gwada shi da na wanda suke aiki ɗaya. Bruce Tuckman kuma a 1965 yace kowace tawaga tana bin matakai huɗu, haɗuwa da ɗari-ɗari, sai rigima, sai a saba a fitar da ƙa'ida, sannan aiki ya miƙe. Amfanin sanin wannan shine kar maigida ya tsorata ya kori mutane dan sun fara saɓani a watan farko.

Haƙƙi kafin komai

Ibnu Majah ya ruwaito hadisin da yace a ba ɗan ƙodago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma Anas bin Malik yayi ma Annabi (SAW) hidima shekara 10 bai taɓa ce mishi ko tir ba, kaman yadda yazo a Bukhari da Muslim. Waɗannan biyun, biya akan lokaci da kiyaye harshe, su ne ƙasan ginin.

Dokar aiki ta Saudiyya ta fayyace da yawa daga ciki. Dawam, wato lokacin aiki, awa 8 ne a rana ko 48 a sati, a Ramadan ya koma awa 6 ko 36 ga Musulmi. Ba'a sa mutum aiki sama da awa 5 a jere ba tare da hutun aƙalla rabin awa na sallah da abinci ba. Obataim ana biyan kuɗin awa a ƙara rabin na asalin albashi akai. Ijaza, wato hutu, kwana 21 ce a shekara, ta koma 30 in mutum ya cika shekara 5 a wurin. Akwai kuma kuɗin ƙarshen aiki, rabin albashin wata akan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken wata akan kowace shekara bayan nan, sai dai wanda ya ajiye aikin da kansa ana rage mishi in bai kai shekara 10 ba. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa mutane aiki a rana tsakanin sha biyu zuwa uku na yamma. Tun 2013 aka fara tsarin kare albashi da yake tilasta biya ta banki dan hukuma ta gani, yanzu kwantiragi ma a manhajar Qiwa ake tabbatar dashi. Duk wannan ba kyauta bace da maigida zai yi gori akai, haƙƙi ne, kuma ma'aikata sun sani, suna tattaunawa a sakan, wato masaukinsu, da daddare ko basu faɗa a gabansa ba.

Matsalar shiru

Anan ne wurin aiki a Saudiyya ya bambanta da na Kano ko Damagaram. Yaron shago a Kantin Kwari in ya gaji zai iya ɗaukan hularsa ya koma wani layin. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, take hannun kafil, wato maigidan da ya tsaya mishi, ba haka yake ba, zamansa a ƙasar ma a ɗaure yake da aikin. A watan Maris na 2021 an sassauta tsarin, ma'aikatan kamfanoni suka samu damar canza wurin aiki da neman bizar fita bisa wasu sharuɗɗa ba sai da yardar kafil ba, duk da gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba. Amma tsoron da ya daɗe a zuciya baya fita rana ɗaya. Mudir zai tara mutane yace "akwai mai magana?" kowa yace "babu komai Alhaji, Allah ya ƙara arziki", shi kuma ya tafi yana ganin kan yaransa a haɗe yake, alhali mai sito yasan lissafin kaya ya ɓace tun sati biyu, direba yasan birkin motar ya fara sanyi, babu dai wanda yake so ace daga bakinsa aka ji.

Amy Edmondson ta jami'ar Harvard tayi bincike a asibitoci a shekarun 1990 ta ga wani abin mamaki, tawagogin da suka fi kyau su suka fi kawo rahoton kuskure, ba dan sun fi yin kuskuren ba sai dan basa tsoron faɗa. A 1999 ta wallafa aikin da ya yaɗa wannan ra'ayi na kwanciyar hankalin faɗin gaskiya a wurin aiki. Kamfanin Google ma da ya fara nazarin tawagoginsa 180 a 2012 abinda ya samu a sahun gaba kenan, ba tarin haziƙai ba. A masana'antun Toyota ƙaramin ma'aikaci yanada ikon jan igiya ya kira shugaba, har layin haɗa mota ya tsaya in matsalar bata warware ba. A ƙaramin shago ba sai an rataye igiya ba, abinda ake buƙata shine ranar farko da yaro yazo yace "yallaɓai nayi kuskure a rasit" kar a tsinka shi a gaban kwastoma, dan sauran suna kallo, kuma daga abinda suka gani ranar zasu yanke ko su dinga faɗa ko su dinga binnewa.

Ɗan gida da bare

Kamfanin kago ɗaya a Jidda ko gidan abinci a Shara Mansur a Makka zaka iya samun Bakano, Ba'adare daga Tawa, Bahaushen Sudan da Larabci yafi zama a bakinsa, haifaffen Makka jikan waɗanda suka zo Hajji a ƙafa, ga ɗan Bangaladash da ɗan Yaman, ga ɗan ƙasa da tsarin Niɗaƙat na 2011 ya wajabta a ɗauka. Albashinsu sau da yawa ba ɗaya bane ko da aikin ɗaya ne, toh nan maganar Adams take fitowa fili. Abinda yafi kashe gwiwa a kasuwancin Hausawa kuwa shine ɗan uwan maigida, wanda zai zo a makare ba mai ce mishi kanzil, in kaya ya ɓace kuma bare ake fara kallo. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wannan tsagar maigida ne da kansa yake yinta. Ba laifi bane mutum ya ɗauki ɗan ƙanwarsa aiki, laifin shine ƙa'ida ta zama iri biyu. Harshe ma yana raba kai, in ana bada umarni da Hausa a wurin da mutum uku basa ji to an fitar dasu daga tawagar ba tare da an sani ba, shi yasa wuraren da suka iya suke maimaita magana da Larabcin kasuwa da kowa yake kamawa, a kuma rubuta rabon aiki a allo ko a guruf ɗin WhatsApp.

Cin abinci tare ba ƙaramin abu bane. Faranti ɗaya na kabsa da maigida ya zauna a ƙasa aka sa hannu dashi, ko ful da tamis da safe, ko buɗa baki a Ramadan, yana karya abinda taro goma bazai karya ba.

Lokacin mausim

Gwajin gaskiya yana zuwa a goman ƙarshe na Ramadan da kuma bayan Arfa, lokacin da alhazai suke tururuwar haɗa tsaraba, dabino da abaya da darduma da turare, ana awo ana ɗauri ana rubuta suna har asuba. Wuraren da suke fita lafiya daga mausim, wato wannan lokacin cinkoson, galibi sun raba aikin tun kafin ya zo, wannan sikeli, wannan rasit, wannan lodi, an tsara wanda zai kwanta da wanda zai karɓe shi, an kuma faɗi tun farko nawa ne ihsanin da za'a bayar da yadda za'a raba. Ladan da aka ɗora akan mutum ɗaya, misali kamasho ga wanda yafi kawo kwastoma, yana sa a fara ƙwace ma juna alhazai a bakin ƙofa a bar mai ɗaurin kaya a baya ba ko riyal, shi yasa da yawa suke raba shi biyu, kaso na kowa da kowa in an kai abinda aka sa a gaba, da ɗan ƙari ga wanda ya fita daban.

Akwai kuma tsohuwar al'adar kasuwar Hausa ta sallama, yaro yayi ma ubangidansa shekaru sannan a bashi jari ya buɗe nashi. A Saudiyya baƙo baya buɗe shago haka kawai saboda dokar tasattur da ta hana yin kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, dan haka sallamar takan koma wata siga, a ɗaga mutum ya zama mushrif, wato mai kula da reshe, ko a haɗa mishi kuɗin ƙarshen aikinsa da ɗan ƙari ya koma gida ya zama wakilin da yake karɓan kayan a Kano ko Yamai.