TVET: Kalmar da ta cika rediyo da rabin ma'anarta da ake yarwa

Ranar da na fara jin ta a rediyo na ɗauka labarin ƙasashen waje ake karantawa. Mai labarai ya ce gwamnati za ta sa matasa a "Tibet", ni kuwa Tibet ɗin da na sani shi ne yankin nan mai tsaunuka da ke ƙarƙashin ƙasar Sin. Sai da ya zo kan walda da gyaran famfo na gane TVET yake nufi, bakinmu ne da ba ya shiri da harafin V ya lanƙwasa ta. Tun 2025, da ma'aikatar ilimi ta tarayya a ƙarƙashin minista Tunji Alausa ta ƙaddamar da shirin horar da matasa kyauta har da ɗan alawus, kalmar ta zama gishirin kowane jawabi. Kwamishina ya faɗa, ɗan majalisa ya faɗa, har wanda ya raba baro da injin markaɗe a mazaɓarsa sai ka ji ya ce TVET ya yi.

Haruffan huɗu ba su da wuyar warwarewa: ilimi da horo a fannin fasaha da sana'a. Ba kuma sabuwar kalma ba ce, tun taron da UNESCO ta yi a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a 1999 ta samu gindin zama. Wannan kowa zai iya dubawa a wayarsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake fassara ta da "koyar da sana'o'in hannu" a sa aya, kamar daga an koyar magana ta ƙare. Ba mai tambayar wa zai ɗauki wanda aka koya wa, ko wa zai sayi abin da hannunsa ya yi.

Mu ɗauki sabulun ruwa, tunda shi ne sarkin irin waɗannan tarukan. A tara mata 200 daga unguwa ɗaya a zauren makaranta, a yi kwana uku ana dama sinadarai a bokiti, rana ta huɗu a kafa rumfa, a yi hoto, a miƙa wa kowacce satifiket da jarka. Mako biyu bayan haka kowane gida a layin yana da sabulun sayarwa. Wa zai saya? Maƙwabciyar da za ta saya ita ma nata na ajiye a ƙarƙashin gado. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, kuma a nan ba karin magana nake yi ba, lissafi ne. Matan ba su yi laifin komai ba, sun koya kuma sun iya. Wanda ya shirya horon ne ya fara daga abin da ya fi araha a koyar, bai taɓa leƙa kasuwa ya ga abin da ake nema an rasa ba. A garin da aka yi wannan taron, mai ginin da ke son a shimfiɗa masa tayil a miƙe ko a yi masa silin na fi-o-fi yana nan yana jiran ma'aikata daga Togo da Benin, kamar yadda kowa ya sani a wuraren gine-ginen Abuja.

Abin mamakin, kalmarmu ta sana'a ita kanta ta riga ta faɗi abin da muke mantawa. Daga Larabci muka aro ta, tushenta yana nufin ƙerawa ko samar da abu. A Larabcin yau, kalmar da ake kiran harkar masana'antu gaba ɗaya da ita 'yar ɗakinta ce, tushe ɗaya suka fito. Mu ma da muka tashi raɗa wa kamfanin ƙere-ƙere suna ba mu je nesa ba, daga sana'a muka fitar da masana'anta. Ku dubi yadda Hausa take yi wa kowace sana'a: ba ta barin ta a iska, sai ta gina mata wuri. Ƙira tana da maƙera, rini yana da marina, jima tana da majema, saƙa tana da masaƙa, fawa tana da mahauta. Yaron da aka kai marinar Ƙofar Mata a Kano ba a aji ya koyi rini ba. A bakin karofi ya koya, yana ganin mai kaya ya kawo zane, yana jin yadda ake ciniki, yana ganin ranar da aka dawo da aiki saboda baba bai kama ba. Ya san launin da ake rububi da wanda aka daina nema ba tare da wani ya rubuta masa a allo ba. A samansu kuma akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Magina, waɗanda suka san wa ya ƙware, wa kuma bai isa a ba shi aiki shi kaɗai ba. Wurin koyo da wurin neman abinci abu ɗaya ne. Mu ne da muka yi boko muka raba su, muka sa sana'a a zauren taro, muka bar masana'anta can wani wuri.

Kada a ce ina kukan zamanin da ya wuce. Koyo a hannun oga yana da nasa raunin, kuma babba ne: oga ba ya ba ka abin da ba shi da shi. Bakaniken da ya tashi a kan kafireta, ya kuma yaye yara goma a kanta, yau an kawo masa motar da sai an jona mata kwamfuta kafin ta faɗi ciwonta. Yaransa sun iya kwancewa da ɗaurawa, amma ba su san dalilin da ya sa abu yake aiki ba, shi ya sa in kiɗa ya canza rawar take gagararsu. Harafin ilimi a cikin TVET nan ne gurbinsa: ɗan lissafi, karanta zanen wayarin, sanin awo, kiyaye haɗari. Sannan takardar da wani kamfani a Legas ko Fatakwal zai gani ya yarda da ita, ba sai ya san ogan ba.

Duk mai maganar TVET ba ya rasa ambaton Jamus, amma galibi injinansu ake yabawa, alhali ba nan sirrin yake ba. A tsarinsu, matashi kamfani yake fara nema, ya sa hannu a yarjejeniyar koyon aiki, kamfanin yana biyansa duk wata. Kwana uku ko huɗu a mako yana wurin aiki, ɗaya ko biyu yana makarantar sana'a, haka har shekara biyu zuwa uku da rabi. Sana'o'i sama da 300 ne aka amince da su a hukumance, kuma da masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ake zama a tsara abin da za a koyar a kowacce. Jarrabawar ƙarshe ma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ne ke shirya ta. Kamfani ba zai kashe kuɗinsa yana horar da mutum a kan aikin da ba a buƙata ba, don haka kasuwa ce ke tankaɗe guraben tun daga ƙofa. In ka lura, wannan ya fi kama da marina fiye da taron sabulu.

Mu ma ba hukumomi muka rasa ba. Asusun ITF na horar da ma'aikatan masana'antu, da ke Jos, an kafa shi tun 1971, kamfanoni na zuba masa kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya. Daga gare shi SIWES ta fito, wato aiken ɗalibai wuraren aiki, wanda a wurare da yawa ya koma zaman jiran a sa maka hannu a littafi. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, da ke Kaduna, tana nan tun 1977, NABTEB mai shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci ta biyo baya a 1992. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ma burinsa kenan, yaro ya taɓa zarto da guduma tun ƙaramar sakandare. An yi odar injina daga Turai, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunan da suka zo, ba wuta, ba malamin da ya iya tayar da su. Abin da ya fi burge ni a 'yan shekarun nan ƙarami ne a ido: yadda aka shiga kasuwar Panteka a Kaduna ana gwada ƙwarewar maƙera da masu walda da suka shekara suna aiki, a ba su shaidar matakin da suka kai. Nan ba a kira su zaure an koya musu abin da suka fi malamin sani ba, makaranta ce ta bi su har maƙera.

Kasuwa kuwa ba ta ɓoye buƙatarta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu ababen hawa ke neman wanda zai mayar musu da inji ya koma amfani da iskar gas ba tare da ya ɗaura musu bam a bayan mota ba. Rashin wuta ya sa kowane mai ɗan hali yana son sola, amma tambayi mutum nawa batirinsu ya mutu cikin wata shida saboda wanda ya haɗa bai san lissafin nauyin da inbata za ta iya ɗauka ba. Masu gyaran injin ban ruwa, masu gyaran na'urorin asibiti, masu walda da za a amince su taɓa bututun gas, duk ana cigiyarsu.

Shirin gwamnati na 2025 ya ce kashi 80 cikin ɗari na horon aiki ne da hannu, kashi 20 karatu. Madalla. Amma alƙaluman da nake ji kullum na waɗanda suka yi rajista ne da waɗanda aka yaye. Da ni ne mai riƙe da makirufo a gaban kwamishina, ba zan tambaye shi mutum nawa aka horar ba. Zan ce: ranka ya daɗe, waɗanda kuka yaye bara, a ba mu sunan gareji ko kamfani biyar da suke aiki yau, mu je mu gaishe su.